Rasuwar Ja-Numfashi, Wadda Yawan Farin Ciki Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kodayake ba irin cikar da za ta hana mutum cin abinci ba, ni Mwanakombo, matar marigayi Bwanaheri tela, mai suyar mahamri, wato irin fankenmu na bakin teku, a unguwar Majengo nan Mombasa, a madadin ɗana Shebe da abokan aikinsa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya san ta rasuwar manhajar nan ta cikin wayar ɗana, wadda a gida muke kira Ja-Numfashi. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara guda da 'yan watanni a duniya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Yawan farin ciki ne ya kashe ta, kuma zan yi bayani, don na san akwai masu cewa Mwanakombo ta fara taɓuwa.

Kafin in ɗauki biro sai da na tare Ustaz na masallacinmu na tambaye shi ko ya halatta a yi wa irinta salati. Ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke ana faɗa. To, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce daga nan kuma in tsaya, kada in zarce da nema mata gafara, tunda ba ta da zunubi ba ta da lada. Na tsaya.

Sunanta na yanka na Turanci ne, harshena bai taɓa iya juya shi ba. Mun sa mata Ja-Numfashi ne don abin da ta fi faɗa ke nan.

Ga waɗanda ba su san asalinta ba: Shebe sana'arsa rubuta manhajoji, wato irin rubutun da ke sa waya ta yi abin da take yi. Kamfaninsu yana Nairobi, manyansu suna ƙetare, shi kuma yana ɗakin baya na gidanmu da kwamfuta da fanka. Ma'aikatan kamfanin suka yi kuka cewa aiki ya yi musu yawa, barci ya ƙaurace musu, wasu har gashi ke zuba. Suka roƙi a ƙaro hannu. Sai aka aiko musu da marigayiya, kowa a wayarsa, aka ce za ta kula da lafiyar zukatansu. Ni dai da zan ce wa mutum ruwa ya ƙare min a randa ya miƙo min hoton rijiya, na san abin da zan faɗa masa. Amma ba a raina kyauta, muka karɓe ta hannu biyu.

Kuma tsakani da Allah, mutuniyar kirki ce, ba za mu ci namanta ba don ta kau. Ba ta da gulma. Ba ta taɓa shiga gidan maƙwabta aron gishiri ta fito da labari ba. Ba ta ci, ba ta sha, sai ɗan cajin da ake ba ta. Muryarta mai sanyi, irin ta macen da ba ta taɓa cinikin kifi a kasuwa ba, ba ta kuma taɓa kiran yaro sau uku bai amsa ba. Har yanzu ina jin ta a kunnena ta bayan ƙofa: "Ja numfashi. Riƙe. Saki a hankali." Sai ta yi "ting", kamar an taɓa kofi da cokali. In ka yi fushi, "ting". In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, "ting". Haƙuri dai irin nata ban taɓa gani ba, ko da yake wanda bai da abin rasawa haƙuri ba ya yi masa wuya.

Ta iya kukan tsuntsaye, ta iya ruwan sama. Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne ƙarar teku, shuuu, shuuu, igiyar ruwa na zuwa tana komawa. Shebe sai ya toshe kunnuwansa ya rufe taga yana sauraron tekun wata ƙasa. Tamu tekun kuwa, in ka fita ƙofarmu ka hau tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, kafin ku gama cinikin kuɗin mota da direba kun iso bakinta. Na faɗa masa haka. Ya ce wannan ba ta da warin kifi.

Babban aikinta shi ne tambaya. Kullum da safe sai ta yi "ting" ta ce, "Yaya zuciyarka yau?" Sai ta jero fuskoki biyar, daga mai kuka har zuwa wata rawaya mai washe haƙora, mutum ya danna wadda ta yi kama da shi. Tana da wata bishiya kuma da take ba kowa. Duk ranar da ka amsa tambaya, bishiyarka ta ƙara ganye. Ranar da ka yi fashi, ganye ya zube. Kuma kowa a kamfani yana iya leƙa ta ɗan'uwansa. Ku riƙe zancen bishiyar nan, don a gindinta ajali ya ɓuya.

A cikin daminar da ta wuce Allah ya karɓi abinsa, mahaifin Shebe. Waɗanda suka san Bwanaheri sun san dakalin ƙofar gidanmu. Da ya rufe shagon ɗinki bayan la'asar, nan yake zama da butar gahawarsa, abokansa su kewaye shi, a yi gardamar ƙwallo, a yi ta tsadar kifi, a zagi gwamnati, a tashi a yi magariba. Babu wanda ya taɓa zuwa dakalin nan da damuwa ya koma da ita cikakkiya, ko ba a warware masa ba an rage masa da tsiya. Bayan sadakar arba'in tsofaffin suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, dakali ya zama na kaji.

Shebe shi ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Kwana uku ya ɗauka, ya koma aiki, ya ce aikin ba ya jira. Daga nan ƙofar ɗakinsa ta rufu. Yaron da a da in ina suya sai na buge masa hannu da ludayi, sai ga shi ina ajiye faranti a bakin ƙofa ina dawowa in ɗauke shi yadda na ajiye, ƙuda ne kawai suka sa albarka.

"Shebe, ga abinci."

"Ajiye, Mama, ina cikin taro."

"Taro da wa? Ban ga takalmin kowa a ƙofa ba."

"Suna cikin kwamfuta."

"To ka ce su fito su ci, shinkafar ta ishe ku."

A da in na faɗi haka sai in ji dariyarsa ta cikin ƙofa. Yanzu shiru, sai "ting".

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tun farkon zuwanta Shebe ya ba marigayiya lambata a matsayin makusanciyarsa. Saboda haka duk Juma'a sai ta aiko min da saƙo: fuskar nan rawaya mai haƙora, a ƙasa an rubuta cewa Shebe yana cikin walwala matuƙa, a taya shi murna. In kalli fuskar, in kalli farantin. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba a ce fuskar waya ba. Na yi addu'a, na yi tofi a ruwa na ajiye masa. Na turo masa kawunsa, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya yi masa wa'azin cewa namiji ba ya kwanciya, ya ci abincin da na ajiye wa yaron, ya tafi. Ɗana yana narkewa kamar sabulu a ruwa, ni kuma ina da shaida a waya cewa ya fi kowa farin ciki a Majengo.

Yanzu ga yadda ajali ya zo.

Ranar Litinin ɗin nan da yamma ina kwaɓa fulawar gobe, sai na ji sallama. Na leƙa, na ga wani gajere kakkaura da baƙar riga, riƙe da furen da ko ba a faɗa ba daga katangar wani ya tsinko shi, a bayansa wata doguwa mai tabarau.

"Ke ce Maman Shebe mai mahamri? Ni Kazungu, wannan Nyokabi, shugabar rukuninmu a wurin aiki. Mun zo ta'aziyya."

"Ta'aziyyar wa?"

Ya faɗi sunan nan na Turanci. Da ya ga ban gane ba sai ya kumbura ƙirji, ya riƙe, ya saki a hankali, ya ce "ting".

"Ta rasu, Mama, yau da hantsi. Kuma wanda ya kashe ta yana cikin gidan nan."

Na dube su da kyau. Masu zuwa gidan Bwanaheri da fure da baƙar riga suna dariya ƙasa-ƙasa, na san ba su da labarin wace ta'aziyya gidan ya gani. Na nuna musu ɗakin baya.

Kazungu ya dinga dukan ƙofar da tafin hannu. "Fito, mai kisan kai! An gane ka! Mun zo da shugaba, babu wurin gudu!"

Aka jima, ƙofa ta buɗe. Shebe ya fito da zane ɗaure a ƙugu, gemu ya yi buzu-buzu, yana ƙifta ido kamar wanda aka tono daga rami. Suka tsaya suna kallon juna. Ashe shekara biyu suna aiki tare, gari ɗaya, Kazungu a Bamburi, Nyokabi a Nyali, amma ba su taɓa haɗuwa ba sai a cikin akwatunan kwamfuta, daga kafaɗa zuwa kai. Kuma watanni ke nan Shebe ya daina nuna ko kan nasa, ya ce na'urar hotonsa ta lalace. Wannan ne ya sa Nyokabi ta biyo Kazungu, ita ba wasa ya kawo ta ba.

"Kai!" in ji Kazungu. "Ashe kai dogo ne? Duk zagin da nake maka, da na sani da na rage."

"Kai ma ashe kana da ƙafafu," in ji Shebe. "Ko da yake ba su da yawa."

Nyokabi ta ce, "Ku duka kun fi kyau a kwamfuta."

Falo cike yake da robobin kwaɓi, don haka na kora su dakali, na kori kaji. Na sauko da butar gahawar Bwanaheri, wadda ban ɗora a wuta ba tun ranar da ya rasu. Na kawo gahawa da mahamri da wake mai madarar kwakwa, na tsaya a bakin ƙofa na ce a yi min bayanin kisan nan.

Nyokabi ta karanta saƙon da manyansu suka aiko. Wai sun duba sakamakon marigayiya, sun yi matuƙar farin cikin ganin cewa ma'aikatansu kaf, babu ko mutum ɗaya a waje, suna cikin ƙololuwar walwala kowace safiya tsawon watanni. Wai ba a taɓa ganin irin wannan nasara ba. Tunda kowa ya warke, babu sauran buƙatar magani, sun janye ta daga yau. Suna taya kowa murna, kuma tunda akwai ƙarfi a jiki, ga sabon aiki nan tafe.

Kazungu ya faɗi a kan dakali yana riƙe ciki.

Na ce, "Ban gane ba. Duk kuna cikin farin ciki?"

"Mama, bari in gaya miki," in ji shi yana share hawayen dariya. "Mu a sana'armu akwai doka. Duk abin da ka ga za ka yi sau biyu da hannunka, to zauna ka rubuta abin da zai riƙa yi maka. Abin kunya ne a gan ka kana maimaita abu kamar ɗan koyo. To wannan ɗan naki, wata rana aiki ya sha kansa bai amsa tambaya ba, bishiyarsa ta zubar da ganye a gaban jama'a. Abin ya yi masa ciwo. Sai ya zauna ya rubuta ɗan aike."

"Ɗan aike?"

"Wani ɗan ƙaramin rubutu a kwamfuta. Kullum da safe, da marigayiya ta ce yaya zuciyarka, kafin ta rufe baki ɗan aike ya danna mata mai haƙora. Shi Shebe ko wayar ba ya taɓawa."

"Don in ka danna mai kuka sai ta tsare ka da wasu tambayoyi goma," in ji Shebe a hankali. "Mai haƙora ce kaɗai ke sallamar mutum nan take."

"Ni kuma na leƙa na ga bishiyarsa ta zama kuka, tawa kamar tsinken tsire," in ji Kazungu. "Na ce ɗan'uwa, me kake zuba mata? Ya ba ni. Ni kuma Allah ya yi ni da kyauta, na ba mutum biyu. Mama, kafin wata ya ƙare kamfani gaba ɗaya ya zama daji. Akwai wanda ya bar aiki tun bara, har jiya bishiyarsa 'ya'ya take yi."

Na dubi Nyokabi. "Har ke, shugaba?"

Ta gyara tabarau. "Ni na gyara masa wani kuskure ma, don ya riƙa aiki har ranar Lahadi."

Na ce, "Wato kun ɗauki ɗan aike ya riƙa zuwa asibiti a madadinku yana ce wa likita kun warke."

Suka sake fashewa, har Shebe ya ɗan motsa baki. Na bar su suka gama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ni ba mai kewaye-kewaye ba ce.

Na ce, "Shebe, ranar da ka shiga kabari ka karɓi babanka, me ɗan aikenka ya ce mata?"

Kazungu mahamri na hannunsa ya tsaya a hanya.

Shebe ya kalli ƙasa. "Mai haƙora ya danna."

"Wane baba?" in ji Nyokabi. "Shebe, wane baba? Yaushe?"

"Da damina."

"Kwana ukun da ka ɗauka? Ka ce min mura ce!"

"To a ina zan faɗa?" in ji shi. "Taronmu na safe abu uku ake faɗa. Me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. Kowa minti ɗaya. In ce me? Abin da ya tare min hanya, babana ya mutu?"

"Eh mana, sakarai," in ji Kazungu, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Shi za ka ce. Wace hanya ce ta fi wannan taruwa?" Ya dubi baƙar rigarsa, ya dubi furen satar da ya ajiye, ya dube ni. "Mama, ki yafe min. Wallahi ban sani ba. Na zo gidan makoki da wasa."

Na ce, "Ka zo dai. Ci abincinka."

Daga nan ɗana ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Kazungu ya dafa masa baya da hannun da ke da mai, rigar har yau ba ta fita ba. Ni na koma madafa, don akwai kukan da namiji ba ya ƙarasawa in uwarsa na tsaye. Amma tagar madafarmu a kan dakali take, kuma Allah bai toshe min kunne ba. Na ji Nyokabi tana cewa ita duk safiyar Litinin sai ta yi amai kafin ta buɗe kwamfuta, ta wanke fuska ta zo ta ce musu barkanku da sabon mako. Na ji Kazungu, mai bakin nan, yana cewa tun wani kuskure da ya yi da ya tsayar da aikin mutane yini guda bai ƙara barci mai daɗi ba, ko wanka yake sai ya ji kamar waya na kira. Shebe ya ce shi ya ɗauka shi kaɗai ne ya lalace, tunda in ya leƙa sai ya ga bishiyar kowa kore shar.

"Kai ka rubuta abin da hannunka!" in ji Kazungu. "Ka yi ƙarya, ka raba mana, sannan ka dawo ka yarda da ita?"

Sai na ji dariyar ɗana, ta gaske, mai haɗe da majina. Da na fito ɗaukar kwanuka na tarar kamar an wanke su. Na ƙaro. Shebe ya ci har na daina kallo don kada bakina ya kama shi.

Kada a ce mun binne ta da sharri. Marigayiya ta tambaya, kullum ta tambaya, ba ta taɓa gajiya ba. Mu ne muka tura mata ɗan aike. Laifinta ɗaya, duk abin da aka gaya mata sai ta yarda, ba ta da idon da za ta kalli faranti. Kuma ta bar abin alheri. A cikinta akwai wani shafi na lambobin likitocin damuwa, wanda Nyokabi ta taɓa kwafewa ta ajiye ba ta kira ba. Ranar Laraba Kazungu ya zo da tuktuk ya ɗauki Shebe suka je wajen ɗaya daga cikinsu, ya zauna a waje yana cin gyaɗa har aka gama, da ya ga babu layi shi ma ya shiga. Ni ba na cikin masu cewa addu'a ta hana magani. A ɗaure raƙumi, sannan a yi tawakkali. Ko jan numfashin nan ma ba banza ba ne, shekaranjiya mai ya fallatso min a hannu na gwada, ya hana ni faɗin abin da zan yi istigfari a kansa.

Nyokabi kuma ta rubuta wa manyansu gaskiya, cewa dajin nan duk na roba ne, mutane sun gaji, a ƙaro hannu. Sun amsa cewa za su yi taro a kai. Allah ya sa su je da kansu.

Marigayiya ta rasu ta bar bishiyoyi masu yawa, duk sun bi ta. Ta bar abin toshe kunne guda biyu, ɗaya ba ya ji. Ta bar maƙwabtanta na cikin waya, akwai manhajar kiran salla, wadda ta ɗauki rashin da tawakkali ta ci gaba da aikinta, akwai kuma manhajar tura kuɗi, wadda ba ta taɓa yin makokin kowa ba. Ta bar tekunta, mun mayar wa masu ita. Sannan ta bar maraya ɗaya, ɗan aiken nan, wanda ba a gaya masa ba. Shebe ya ce har yau duk safiya sai ya tashi da sauri ya je ƙofar da aka rufe, ɗauke da albishir cewa kowa lafiya lau, babu mai amsa masa. Shi kaɗai ne a cikin zancen nan ya ba ni tausayi har na share ido.

Game da jana'iza, babu wanka babu likkafani, don ba a samu abin wankewa ba. Za a taru ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar a dakalin Bwanaheri, inda Shebe zai sallami ɗan aike da hannunsa a gaban shaidu, ya huta shi ma. Kazungu ya nemi ya yi jawabi, an ba shi gwargwadon tafasar gahawa, da buta ta yi kuka zai zauna.

Zaman makoki ba na kwana uku ba ne, ba na bakwai ba, ba na arba'in ba. Duk Alhamis ne, sai ranar da na ce ya isa, kuma ba na jin zan ce. Duk mai sana'ar rubuta manhaja a Mombasa, ko na kamfaninsu ko na wani, mace ko namiji, Musulmi ko Kirista, ƙofa a buɗe take. In an kira magariba masu salla su tafi masallaci, sauran su tsare min wuta. An riga an tambaye ni ko za a iya halarta ta kwamfuta. Ba za a iya ba. Zumunta a ƙafa take. 'Yan Nairobi su nemi dakalinsu da tasu uwar, na tabbata akwai wata can tana ɗauke faranti cike daga bakin ƙofa.

Waya a bar ta a kwandon albasa da ke zaure, babu mai taɓawa. Kada a zo da fure, maƙwabta sun fara ƙorafi. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin kawo wani abu ya kawo kwakwa.

Doka ɗaya ce a dakalin. Duk wanda ya zauna za a tambaye shi yaya yake, kuma sau biyu za a tambaya. Amsar farko, Alhamdulillah, ta Allah ce, ba mai hana ka ba shi abinsa. Ta biyu tamu ce, kuma da bakinka za ka ba da ita, muna kallon fuskarka.

Na gwada a kan Shebe yau da safe. Na ce yaya ka tashi, ya ce Alhamdulillah. Na tsaya da faranti a hannu ban motsa ba. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Mama, yau da nauyi. Na yi mafarkin Baba yana neman almakashinsa." Na ce almakashin yana aljihun keken ɗinki inda ya bar shi, zauna ka ba ni labarin. Ya zauna a tabarma, ya jawo farantin gabansa.

Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Da alama ma ya fara ba mu.

Sanarwa daga Mwanakombo, Maman Shebe, gida mai koren ƙofa bayan masallaci, Majengo. In kun ɓata, ku bi ƙamshin suya.